Shinkafar da Na Hana a Yanke

Ni kafinta ne. Daga kudancin Kaduna na zo Birnin Kebbi ina saurayi, na biyo wani ɗan garinmu da ke aikin rufin kwano lokacin da ake ta gine-gine a unguwar Gesse. Shi ya koma gida, ni na zauna. Na yi aure, muka kama ɗaki biyu a Badariya, Allah ya bar mana 'ya'ya mata biyu. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka wannan ba wa'azi ba ne. Abin da ya same ni ne a shekarar da ruwa ya ci gonata, kuma har yau ban gama sanin ko biyayya na yi ko wauta ba.

Ni mutum ne mai yawan damuwa, tun ina ƙarami haka nake. In na kulle shago sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu ko uku. In na yi wa wani magana da safe, sai na wuni ina juya ta ko na ɓata masa rai. Amma akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Kafin 'yan matan nan mun haifi jariri. Yana da wata bakwai wani ɗan kasuwa a unguwar Nasarawa ya matsa mini in gama masa rufin shago ranar Lahadi, na je na gama. Ranar Talata zazzaɓi ya kama jaririn, ranar Alhamis muka binne shi. Babu wanda ya ce mini saboda aikin Lahadin ne. Ni na faɗa wa kaina. A bakin kabarin na yi wa Allah alkawari ba zan ƙara taɓa aiki ranar hutu ba, ko ƙusa ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, har matata.

Shekaru suka wuce, aikin katako ya yi ta ja da baya. Mutane sun koma ƙofar ƙarfe da tagar gilashi. Sai in yi mako guda ban samu komai ba sai gyaran ƙafar kujera. Yayana da ke ƙauye ya aiko cewa mu turo masa yaran, akwai masara, akwai makaranta kusa, su zauna har abubuwa su gyaru. Matata ta ce ba za ta yarda ba. Ita a hannun matar kawunta ta tashi, ta ce ta san yadda ake zuba wa ɗan riƙo abinci, ba sai an ba ta labari ba. Ni ma ba na so. Amma ba a hana irin wannan da baki, sai da abinci a ɗaki.

A lokacin ne wani dattijo na Argungu, wanda na taɓa yi wa ƙofofin gida, ya ba ni aron gona a fadama. Baba nake kiransa, shi kuma yana kirana Kahinta, wato kafinta a bakinsu. Gonar tana tsakanin tasa da ta ƙanensa. A wurinmu masara da citta muka sani, shinkafa sai a kwano. Shi ya koya mini komai, tun daga yafa iri har dashe, da yadda ake gane ta fara ciki. In na yi kuskure sai ya yi dariya ya ce, "Kahinta, wagga ba katako ba ta, ba a buga ta da guduma."

Na bi gonar nan kamar mai jinya. Sau biyu ko uku a mako nake hawa mota zuwa Argungu. Na yi ciyawa da hannuna, na kori tsuntsaye har muryata ta dishe. Ta kuwa yi kyau. Matata ta zo sau ɗaya ta gani, ta tsaya a bakin gonar tana kallo, sai da muka kama hanya ta ce, "To, yanzu ka aika wa Yaya ya riƙe masararsa."

Ranar Asabar ɗin ƙarshe kafin girbi shinkafar ta yi ja ta sunkuya. Baba ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannunsa ya ce a ƙara mata kwana uku ko huɗu, ranar Laraba mu sa lauje. Gulbi ya cika amma yana cikin hanyarsa. Na dawo Birnin Kebbi da yamma kamar kullum, don ni ne mai buɗe coci da jera benci ranar Lahadi.

Da safe ina ɗaura takalmi wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Kahinta, kana ina?"

"Ina gida, Baba. Lafiya dai?"

"Ba lahiya ba. Ruwa na tahe. Mutanen saman gulbi sun bugo muna, tun jiya ya shiga gonakinsu. Masunta sun ce in ya daɗe, gobe da sahe shina wurinmu. Mun tara mutane, yanzu za mu shiga da lauje. Hau mota ka taho."

Na ce, "Baba, yau Lahadi."

"Na sani. Ruwan dai ba shi da labari."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa, da ƙarar ana wasa lauje.

Sai ya ce, "To, ba komi. Tsaya ka yi ibadarka, Allah shi karɓa. Mu za mu yanke maka. In munka gama tawa sai mu ratsa ta taka mu shiga ta ƙanena, hanya guda ta."

Da na ce na gode, da shi ke nan. Kalma biyu. Har sun zo bakina. Amma a wannan ɗan lokacin abubuwa suka taru mini a kai. Na tuna tsohon malamin da ya koyar da mu a ajin baftisma, yana nuna mu da yatsa yana cewa dokar hutu ba ta tsaya a kanka kaɗai ba, ta haɗa har da wanda zai yi maka aikin, ko baƙo ne. Na ce a raina, in na zauna a coci ina waƙa alhali mutane suna yanke mini shinkafa da izinina, ai wayo na yi wa Allah. Na kuma ce ƙila gwaji ne, ana so a ga ko da Allah na dogara ko da lauje. Sannan ƙaramar 'yarmu ta yi tari daga cikin ɗaki. Tarin mura ne kawai, kwana biyu tana yi. Amma da na ji shi sai na tuna jaririn. Na ga kaina na ceci shinkafa ranar Lahadi, ranar Alhamis ina haƙa rami.

Na ce, "Baba, kada a taɓa ta."

"Mi kac ce?"

"Don Allah kada kowa ya sa lauje a gonata yau. Gobe da asuba ina nan tafe."

"Kahinta, ba kai za ka yanke ba hwa. Mu Lahadi ba ta hana mu komi ba. Ko Juma'a, in munka sauko masallaci, gona muka komawa."

"Na sani, Baba. Amma shinkafar tawa ce, nauyin a kaina yake."

Ya ce, "To. Abinka na. Allah shi kyauta." Ya kashe.

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da mataji a hannu, tana cikin gyara wa babbar kai. Ta ji duka.

"Baban yara, me ka ce wa mutumin nan?"

Na maimaita mata.

"Ya ce zai yanke maka, kai kana coci, ka ce a'a?"

"Allah da ya ba mu ita yana iya tsare ta kwana ɗaya."

"Ai ya tsare ta! Ga shi ya turo maka mutane da lauje tun da safe. So kake mala'iku su sauko da buhu?"

Na ce ba kowace ƙofa da ta buɗe ba ce daga Allah, wani lokaci Shaiɗan ma yana buɗewa.

"Tsohon da ya ba ka gona, ya koya maka noma, yau shi ne Shaiɗan? Ba ni wayar. Ni zan ce masa ya yanke, zunubin a kaina."

Na kashe wayar na sa a aljihu. Wannan shi ne abin da ban taɓa iya yafe wa kaina ba, ya ma fi maganar farko.

Ta bi ni har ƙofar gida tana cewa aƙalla in tambayi fasto kafin a fara sujada. Na ce to. Na kuwa ga faston, mu biyu kaɗai a cikin coci, ina jera benci yana duba takardunsa. Ya tambaye ni ya gona, na ce da godiya. Ban tambaye shi ba. Na gaya wa kaina tambayar ma alamar shakka ce. Yanzu da nake rubutu na san tsoro nake kada ya ce babu laifi, don in ya faɗi haka ba ni da sauran abin ɓuya, kuma tarin yarinyar yana kunnena.

Ban ji wa'azin ranar ba. Matan zumuntar coci suna ta kiɗa da waƙa, matata tana cikinsu bakinta a rufe. Ni kuwa addu'a ɗaya nake ta yi, Ubangiji ka riƙe ruwan nan kwana ɗaya tak. Sai kuma in damu cewa yawan maimaitawar rashin bangaskiya ne, in roƙi gafara, in sake farawa. Ta taga ina ganin sama tas, babu ko ɗigon hadari, na ɗauki wannan a matsayin amsa. Na manta cewa ruwan ba daga samanmu zai zo ba, tun daga nesa ya taso, ya riga ya kama hanya.

Ranar Litinin na shiga motar farko. Tun kafin mu kai Argungu na hango fadama daga kan titi, fara fat kamar sabon kwano a rana. Mutanen cikin motar suna ta salati.

Na tarar da su Baba a kan tudu. Sun tara dammunan shinkafa a kan tamfol, wasu suna bugu a jikin ganga, wasu suna ɗurawa a buhu. Wani masunci ya sa ni a kwalekwale ya kai ni. Gonar Baba da ta ƙanensa babu komai sai ruwa, don an kwashe abin da ke ciki. Tawa a tsakiya, ruwa ya kai ƙirji, nan da can kan zangarniya yana leƙowa yana nutsewa. Masuncin ya tura sandarsa ƙasa ya ɗago, ga shinkafata ta naɗe a jiki.

Da na dawo tudu Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Ya ce, "Kahin la'asar munka gama. Mutanena sunka ce mu shiga ta Kahinta, rana na da saura, hannu na da yawa. Nic ce a'a, mai abu ya hana, ba a shiga abin mutum da ƙarhi. Na bugo maka, na sake bugowa, ko ka canza shawara. Wayarka kashe."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Mun tsaya bakin gonar har magariba muna kallon ta."

Kwana uku ni da matata muna cikin kwalekwalen aro, muna zura hannu cikin ruwa muna lalubo zangarniya muna yanka. Ba ta ce mini ko kalma ɗaya a kan Lahadin ba. Sai dai "miƙo buhu" ko "matsa can". Abin da muka samo ya yi baƙi, rabi ya fara tsiro, yana warin tsami. Ta turara shi ta shanya a tsakar gida, maƙwabta suna toshe hanci. Da aka kai inji duk ya farfashe ya zama tsaki.

Bayan mako guda sai ga mai babur da buhun shinkafa a ƙofar gida, in ji Baba, a ba iyali. Na tsaya ina kallon buhun, abin da ya fara zuwa raina shi ne ranar Lahadi aka yanke ta. Ban furta ba, amma matata ta gani a fuskata.

Ta ce, "In ka mayar da buhun nan, ka haɗa da ni da yaran a kan babur ɗin."

Aka shigar da shi. Ta dafa a ranar, ta zuba mana. Na yi addu'a a kai, na ci, yaran suka ci. Na yi kwanaki ina taɓa goshinsu da safe da rana. Talata ta wuce, Alhamis ta wuce. Tarin ƙaramar ma ya warke. Babu abin da ya same su. Ya kamata in yi murna, na kuwa yi, amma a ƙarƙashin murnar akwai wani ɗaci. Ga shinkafar Lahadi a cikin 'ya'yana, suna wasa a tsakar gida lafiya lau. To, tawa da na bar wa ruwa fa?

Fasto ya zo jaje. Matata ce ta ba shi labarin yadda aka yi. Ya dafa kai ya ce, "Ɗan'uwa, muna tare da kai da safen nan, me ya hana ka tambaye ni? Ko dabba ce ta faɗa rami ranar hutu, Ubangiji bai ce a bar ta ta mutu ba, balle abincin 'ya'yanka." A nan ne na faɗi maganar jaririn da alkawarin, karo na farko, a gaban matata. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta ce, "Shekara goma sha wani abu kana ɗauke da wannan, ni ina zaton ni ce na yi jinkirin kai shi asibiti." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Faston ya riƙe hannuna ya ce Allahn da muke bauta wa ba ya kashe jariri saboda rufin shago, Uba ne, ba mai ɗana tarko ba. Na san ta'aziyya yake nufi, na kuma gode masa. Amma bai san abin da ya ƙwace mini ba. In maganarsa gaskiya ce, na zubar da abincin shekara a banza. Kuma in ba aikina ne ya kashe jaririn ba, to babu abin da zan iya kiyayewa don in tsare sauran biyun. Duk shekarun nan ina zaton ina tsaye a bakin ƙofa ina gadi.

Lahadin da ta biyo baya wani dattijon coci, wanda ya ji rabin labarin, ya tashi lokacin shaida ya ce in miƙe. Ya ce ga mutumin da ya zaɓi ranar Ubangiji a kan gonarsa, a yi koyi da shi, Allah zai mayar masa ninki biyu kafin shekara ta zagayo. Aka yi ta tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Ina tsaye kaina a ƙasa. Na ga matata ta ɗauki jakarta ta fita ta ƙofar gefe. A cikin cocin guda, fasto ya ce na yi kuskure, dattijo ya ce na yi jarunta, kuma dukansu sun fi ni karatu.

Ninki biyun bai zo ba. Buhun Baba da tsakinmu suka kai mu ƙarshen shekara da ƙyar, da ɗan abin da shago ke kawowa. Na nemi aikin gadi, na nemi leburanci a wurin gini, wani lokaci a samu, yawanci babu. Matata ta fara soya ƙosai a bakin titi, masu ƙosai sun riga sun yi yawa a layin. Muka koma ci sau ɗaya a rana, mu manya, don yaran su ci sau biyu. Ranar da na ga babbar tana rage nata tana tura wa ƙanwarta, tana cewa ta ƙoshi, na fita waje na kira yayana.

Matata ba ta yi gardama ba. Ita da kanta ta wanke musu kaya, ta yi musu kitso, ta yi ta ja wa babbar kunne: ki riƙa tashi kafin a tashe ki, kada ki jira a ce ki yi shara, in an zuba muku abinci ki fara duba na ƙanwarki. Ina zaune a waje ina jin ta. Duk abin da aka yi mata tana ƙarama take koya musu yadda za su jure.

Bayan Kirsimeti na raka su tasha, ita za ta kai su ta dawo. Kafin su shiga mota ta ce, "Baban yara, yi mana addu'ar tafiya." Ban san ko da gaske take so ba ko don yaran ne. Muka riƙe hannu a gefen motar, 'yan kamasho suna ta ihu a kanmu. Na ce Ubangiji ka kai su lafiya, ka ba su tagomashi a gidan da za su. Daga nan maganar ta ƙare mini. Matata ce ta ce amin.

Babbar ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, yaushe za mu dawo?"

Na ce, "In Allah ya yarda, ba da daɗewa ba."

Shekara uku ke nan. Baba ya sake ba ni gonar, na sake nomawa, ana samun abin da ake samu, amma bai taɓa kai na waccan shekarar ba, kuma yayana ya ce kada a katse musu makaranta. Har yanzu ni nake buɗe coci. Ina dogara ga Allah, don ban san wani wurin zuwa ba. Sai dai ban ƙara yarda da kaina ba in na ji kamar yana mini magana, kuma wannan ya sa addu'ata ta zama gajera.

Muna kiran su a waya ranar kasuwar garin, lokacin da yayana yake hawa inda ake samun sabis. Babbar takan yi hira, ta tambayi maƙwabta. Ƙaramar yanzu yarenmu ya fi Hausa zama a bakinta, kuma matar yayana take kira Mama. In aka miƙa mata wayar sai ta gaishe ni da ladabi, yadda ake gaida baƙo, ta ce tana lafiya, ta mayar. Matata tana zaune kusa da ni tana jira a ba ta nata layin, ba ta kallona.